Allurata a Langar Gwaggo

A bencin asibitin da nake zuwa a Kano, babu wadda take kiran magani da sunan da ke jikin kwalinsa. Sunayen dogaye ne, ko ni da na gama sakandare sai na tsaya na harhaɗa baƙaƙen. Mu matan da neman haihuwa ya tara a wurin mun raɗa musu namu: akwai mai zafi, akwai mai kasala, sai kuma allura. Da kin zauna kun gaisa da ta kusa da ke, kafin ta tambayi garinku za ta ce, "Wanne aka ɗora ki a kai?" Daga nan musu ya kaure ke nan, kamar yadda maza suke yi a kan irin shinkafa a kasuwarmu ta Haɗeja.

Likitar, wata mata mai sanyin magana, ta ce duka ukun aikinsu ɗaya, su taso da ƙwan mace ya girma ya fito a kan lokaci. Ta juyo da na'urar hoto ta nuna min nawa. Suna nan da yawa, ƙanana, kamar an watsa gero, babu wanda ya yarda ya wuce 'yan uwansa. Na daɗe a ɗakin aure a lokacin, ban taɓa ko ɓatan wata ba.

Maigidana manomin shinkafa ne, rani da damina yana fadama. Ya saurari bayanin nan tsaf, hularsa a kan gwiwa, sannan ya ce, "Likita, wato dai taki ne."

Ta yi dariya ta ce, "Kusan haka, Malam."

Da ta san abin da wannan amsa za ta jawo min, da ba ta ba shi ita ba.

Mu uku ne a gidan, ni da shi da mahaifiyarsa, Inna. Tun da aka kawo ni, Inna ba ta taɓa yi min zancen haihuwa ba, ko da habaici. In an yi suna a unguwa ta dawo da goro da alewa, sai ta ajiye min nawa ta kama hirar tsadar tattasai. Ni kuma ban taɓa gaya mata abin da ke kai mu Kano ba. Da wane baki zan zauna gaban surukata in yi mata lissafin ƙwai da kwanaki? Sai muka bar shi a kan ciwon ciki ne. Duk ranar tafiya za ta ce, "Allah Ya ba da lafiya, 'yar nan," ta ƙulla min soyayyar gyaɗa, wadda ko mai ciwon cikin gaske aka ba sai ya ji a jikinsa.

Da mai zafi aka fara. 'Yar farar ƙwaya ce, ana sha kwana biyar, ana farawa tun a kwanakin da ba na salla. Ba banza aka sa mata sunan ba. Ina zaune lafiya sai in ji kamar an buɗe murhu a ƙirjina, zufa ta karyo har ɗankwali ya jiƙe. Wannan mai sauƙi ne. Abin da ya fi shi shi ne kuka. Rannan Malam ya kawo tarwaɗa masu rai daga bakin kogi, na ɗauki wuƙa, ɗaya ta dube ni da gashin bakinta, sai na zauna a turmi na kama kuka, ina cewa ita ma wataƙila tana da 'ya'ya. Da daddare kuma na yi masa faɗa a kan yadda yake tauna tuwo. Bawan Allah ya ajiye lomar ya ce, "To ki nuna min yadda ake yi."

Inna tana kallo. Ta tuna cewa a makon na kai wa Malam abinci gona, na bi ta gefen kachala, doguwar ciyawar nan ta cikin ruwa, da tsakar rana, sai ta yanke hukunci cewa na taka wani abu a bakin ruwa. Ta samo garwashi da ƙulle-ƙullen hayaƙi, ta lulluɓe ni da bargo. A watan bazara, a Haɗeja, ga zafin ƙwaya daga ciki. Ina cikin bargon ina istigfari, ina tunanin ranar tsayuwa.

Bayan duk wannan, hoto ya nuna ƙwan ya ɗan motsa, amma shimfiɗar mahaifa ta yi siriri. Likita ta ce halin mai zafi ke nan a jikin wasu matan, tana gyara nan ta rage can. Muka ƙara gwadawa, bai canza ba, sai ta mayar da ni kan mai kasala.

Ita wannan ba ta da faɗa. Ba ta taɓa shimfiɗar ba, ba ta sa ni kuka ba. Sai dai ciwon kai, da gaɓoɓi kamar na kwana ina daka, da barci. Na taɓa yin barci a kan sallaya da carbi a hannu, na farka na tarar Inna ta sauke min shinkafar da ta kama, ta kuma gamsu cewa hayaƙinta ne ya kwantar da abin da ke jikina. A benci kuwa an rabu biyu. Wata 'yar garin Miga da muke yawan haɗuwa ta ce ita ba ta yarda da maganin da ba ya wahalarwa ba. "In bai sa ki zufa ba, me yake yi a ciki? Kwana yake, kamar yadda kike yi." Wata kuma ta ce ita mai zafi ta kusa kashe mata aure, don a sati ɗaya sau biyu tana haɗa kayanta.

Da mai kasala ƙwai ɗaya ya taso, ya kai rabin hanya ya tsaya. A mota muna dawowa, da muka wuce Kaugama, Malam ya ce, "Ni fa na gano matsalar. Takin ne ya yi kaɗan. Watan gobe ki riƙa shan bibbiyu, ki haɗa da ragowar waccan ta farkon. Ni ma kamfa da yuriya haɗa su nake yi."

Na ce sai dai ya faɗa da bakinsa a gaban likita. Ya kuwa faɗa. Ta ajiye biro ta ce, "Malam, in ka cika wa shinkafa taki, me take yi?"

Ya ce, "Ta yi ganye ta kwanta."

Ta ce, "To matarka ma kwanciya za ta yi, a gadon asibiti. In ƙwai suka taso da yawa lokaci ɗaya, ciki kumbura yake yi da ruwa. Kada a ƙara ko rabin ƙwaya ban sani ba."

Tun daga ranar ya koma mai gadin awo, har leƙa kwalin yake yi.

Haka muka iso kan allura, wadda a benci ake ambatonta da ladabi. Ta fi ƙwayoyin nan ƙarfi, don haka sai ana bin ta da hoto a kai a kai. Kullum ake yi a fatar ciki, in ƙwan ya kai, sai a yi wata ta daban, ta ƙarshe, mai sa shi ya fito. Ita wannan ta ƙarshen lokaci gare ta kamar salla. Malam da yake danna wa shanun huɗa allura mai kaurin tsinke ko ƙiftawa ba ya yi, da ya ga tawa, 'yar siririya kamar gashi, sai ya ce bari ya duba injin ban ruwa. Ni na koyi yi wa kaina, da bisimilla da runtse ido ɗaya.

Sharaɗin ɗaya ne: a ajiye a firij, kada ta yi zafi, kada kuma ta daskare. Mu ba mu da firij, wutar ma sai ta ga dama. Amma maƙwabciyata tana sayar da zoɓo da kunun aya, tana da firij mai aiki da hasken rana, kuma akwai 'yar ƙofa tsakanin gidajenmu. Mace ce mai kirki, in kina ciwo ita za ta fara shigowa. Sai dai magana ba ta kwana a cikinta. Kwalin nan kuwa da hoton jariri a jiki. Na rasa abin da zan ɓoye shi a ciki, sai idona ya faɗa kan wata langa mai furanni a kan kabad.

Langar ta Gwaggo ce, ƙanwar marigayi mahaifin Malam, da ke aure a Kirikasamma. Ta aiko mana da bandar kifi a ciki tun kafin azumi, da saƙon cewa a tuna wa ɗanta har yanzu tana jiran maganin da ya ce zai samo wa akuyarta, wadda ta ƙi ɗaukar ciki. Malam ya manta da akuya, ni kuma na manta da langa. A wajenmu ba a mayar da kwano haka nan, sai an sa wani abu a ciki, ballantana kwanon dangin miji, shi ya sa ta zauna tana jiran a samu abin kirki. Na jera kwalaben da sirinji a ciki, na rufe, na ɗaure da sabon ɗankwali, na kai.

Na ce, "Ajiya ce, don Allah. A ƙasa, ba wajen ƙanƙara ba. Kuma kada a buɗe."

Ta juya langar, ta dube ni sama da ƙasa, ta yi murmushi. "Haɗin na Maiduguri ne ko na Sakkwato? Ashe ustaziya ma ana taɓawa."

Ta ɗauka kayan mata ne. Na auna kunyar biyu a raina, na ga wannan ta fi sauƙi, sai na sunkuyar da kai. Kullum da yamma in na shiga na ɗauki langar na shige ɗakinta, in na fito sai ta ce, "Allah Ya ba Malam haƙuri."

Allura ta yi abin da ƙwayoyi suka kasa. A hoto na ƙarshe likita ta nuna min ƙwai ɗaya, ƙato, shi kaɗai kamar wata a sama, shimfiɗar ma ta yi kauri. Ta ce gobe bayan la'asar in yi ta ƙarshen, kada in gabatar, kada in jinkirta. Kwalba ɗaya ce tak, daga Kano muka zo da ita, kuma ba abin da za a shiga kemis a Haɗeja a ce a ba ni ba ne.

Washegari bayan azahar na ce bari in leƙa in ga lafiyarta. Na buɗe firij. Zoɓo, kunun aya, ƙullin tumatir. Babu langa.

Maƙwabciyata tana tace aya ta ce, "Ai Inna ta karɓa tun da hantsi. Ta shigo shan ruwan sanyi ta gan ta. Ni zan hana Inna?"

Ban san da ƙafa na koma gida ba ko da me. Inna tana zaune a inuwa tana gyaran zogale, fuskarta fal fara'a.

"Allah Ya yi miki albarka, 'yar nan," in ji ta. "Wata nawa langar nan tana tsaya min a rai. Ashe kin cika ta kin ɗaure, har da sabon ɗankwali. Da na ɗaga na ji sanyi na san man shanu ne. Na ba direban da ke zuwa Kirikasamma. Yanzu kam bakin Gwaggonku ya mutu."

Na ce, "Inna, kin buɗe?"

"In buɗe ƙullin da ba ni na ɗaura ba? Yaushe na fara?"

Malam ya shigo daga masallaci ya tarar da ni tsaye kamar an dasa ni. Na ja shi gefe na gaya masa. Ya zaro waya ya kira Gwaggo, da yake kuma ba ta ji sosai, dole a buɗe murya kowa ya ji. Maƙwabciyata ta riga ta biyo ni, tana tsaye a 'yar ƙofa da rariya a hannu.

Gwaggo ta ɗauka da murna. "Ɗan albarka, saƙo ya iso. Na ce ka manta da ni, ashe kana tafe. Har da sirinjinsa. Ga mai allurar dabbobi nan na aika an kira shi, yanzu ya shigo, an kama akuyar."

Ta bayanta muna jin akuyar tana kuka.

Malam ya ce, "Gwaggo, kada a yi. Ba na akuya ba ne."

"Ba na akuya ba? To na tumaki ne? Ai duk ɗaya ne, ya ce zai rage awo."

"Gwaggo, a dai dakata."

"Kai, mutumin nan kasuwa ya baro. In na saniya ne ka faɗa. Kai mai allura, fasa ƙaramar nan mu gani, ita ce daban."

Ƙaramar nan ita ce tawa ta la'asar. Malam ya dube ni, zufa tana bin gemunsa. Shi ba zai iya faɗa a gaban mahaifiyarsa ba, ko za a yanka shi. Na dubi Inna, na dubi mai rariya. Na karɓi wayar.

"Gwaggo, ni ce. Maganin nawa ne."

"Naki? Me ya same ki?"

"Na haihuwa ne, Gwaggo. Na neman haihuwa. Yau bayan la'asar zan yi."

Kunun aya yana ta tsiyaya daga rariyar maƙwabciyata. Can muka ji Gwaggo ta ce da wani, "Sakar min akuya." Sannan ta dawo kan waya, muryarta ta sauka. "To ke 'yar nan, ai da sai ki rubuta a jiki."

Inna ta kakkaɓe zogalen cinyarta ta miƙe. Na ɗauka faɗa za ta yi, ko ta shige ɗaki. Ta miƙo hannu na ba ta wayar.

"Ki mayar da komai yadda kika gan shi, ki ɗaure, ki sa a gindin randa. Ƙanƙarar da na sa a ledar ta narke?"

Gwaggo ta ce da saura.

Ashe da Inna ta ɗauka man shanu ne, tsoron kada ya narke a mota ya ɓata ɗankwalin ya sa ta karɓi ƙullin ƙanƙara wajen maƙwabciya ta jera a gefen langar, ta naɗe da buhu, ta kuma ja wa direban kunne kada ya sa a rana. Na kira likita ina haki na zayyana mata. Ta tambaya ko kwalbar ta taɓa ƙanƙarar kai tsaye, na ce tana cikin kwalinta, cikin langa. Ta ce in dai da sanyinta ta dawo, in yi. Sai ta ce, "Akuya kika ce?" Na ji ta rufe waya tana dariya.

Maƙwabciyata ta juye zoɓon da ke cikin kularta ta cika da ƙanƙara, ta ɗaure wa Malam a bayan babur da kanta. Idonta ya yi ja. "Ke kuwa," ta ce da ni, "kika bar ni ina ta zolayarki." Malam ya fita ko hula babu.

Muka zauna jira, ni da Inna, a tabarma ɗaya. Na kasa ɗaga kai. Ta ci gaba da zogalenta, can ta ce, "Mai ciwon ciki ba ta cinye gyaɗar da nake ƙulla mata tas."

Na ce, "Inna, kin sani?"

"Na san ba ciki ne ke ciwo ba. Sauran ban tambaya ba, tunda ba a gaya min ba." Ta tsinke wani ganye. "Kafin in samu mijinki, babu kabarin waliyyin da ban tsuguna ba... babu jiƙon da ban sha ba. Uwar mijina ba ta taɓa ce min komai ba, sai na ce ni ma haka zan yi wa tawa. Ban sani ba ko shirun ya yi yawa."

Na kama kuka, wannan karon babu ƙwayar da zan ɗora wa laifi. Ta bar ni na yi, sannan ta ce, "Amma hayaƙin nan ya taimaka, kada ki raina shi."

Ana kiran la'asar muka ji babur. Malam ya shigo fari fat da ƙura, ya rungumo kula kamar jariri. Langar da sanyinta. A kan murfin Gwaggo ta ɗora ƙullin busasshen kifi, don ita ma ba za ta mayar da kwano haka nan ba, ko da kwanon nata ne. Na yi salla, na yi addu'ar da na daɗe ina yi, na shiga ɗaki na yi allurata. Inna tana bakin ƙofa tana jan carbi, Malam kuma ya tafi duba injin ban ruwa.

Washegari da sassafe Inna ta fito da ƙullin kayanta. Ta ce za ta je Kirikasamma ta kwana biyu, ta duba jikin akuya. Ba ta kalli kowa a cikinmu ba, mu ma ba mu kalle ta ba, mun san gidan take bar mana.

Watan nan Allah Ya amsa. Mace aka samu, ga ta nan yanzu tana jan zanina ina rubutun nan. Ranar suna kowa ya karɓi rabonsa na yabo: Inna ta ce hayaƙi da ƙanƙara, Malam ya ce gudun da ya yi, maƙwabciyata kuwa har yau 'yar firij ɗina take ce mata. Gwaggo ta zo da langar cike da man shanu na gaske, ta kuma sanar da taron mata cewa akuyar ta haifi biyu ba tare da allurar kowa ba.

Labarin ya zaga unguwa kafin magaribar ranar da langar ta je Kirikasamma, kamar yadda na yi tsoro. Abin da ban zata ba shi ne masu sallama da rana tsaka, in maza sun fita. Mace za ta zauna ta yi ta zancen tsadar tattasai, sai ta tashi tafiya ta ce, "Wai ni kam, wanne ya fi?" Ina gaya musu abin da kowanne ya yi min, in kuma gaya musu cewa 'yar Miga da mai zafi ta samu nata, wata da mai kasala, wata kuma har yanzu muna yi mata addu'a. Likita ce za ta duba ta zaɓa, Allah ne mai bayarwa. In an ɗora mace a kan allura, maƙwabciyata ta ware mata wuri a ƙasan firij, kuma abin mamaki, a kan wannan bakinta yana ajiya.

Inna kuwa, duk kwanon da zai fita daga gidanmu yanzu, ko na tuwon sadaka ne, sai ta kwance ƙullin ta leƙa.